Ragon Suna a Ƙofar Sito

Tambuwal

Baiwata Batula,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da majinyatan da kike yi wa tsawa a asibitin Kebbe. Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaga ƙafa. Inna tana gaishe ki, ta ce ki tuna da daddawar da kika yi mata alkawari. Ni kuwa na yi nauyi sosai. Ƙafafuna sun kumbura har silifas ɗin Baba nake sawa, kuma ungozoma ta ce watan nan ne in Allah ya yarda.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Malam. Tun da ya kawo ni gida haihuwa, ba a taɓa cin kasuwar Tambuwal ba sai Ɗangiwa direba ya miƙo mini wasiƙarsa. Na yarda wasiƙun ba wani daɗi gare su ba. Rabi labarin 'yan ajinsa ne, rabi kuma haƙƙin ɗan Adam da mulkin soja, kamar ni ce gwamnati. Sau ɗaya ya taɓa rubuta "ina kewarki", shi ma a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe, kamar mai tsoron a kama shi. Amma ko ba komai suna zuwa. Yanzu kuwa shiru, kasuwa ta ci ta sake ci.

A littafin da nake karantawa, da miji ya yi irin wannan shirun, ashe haɗarin mota ya yi ya manta sunansa. Malam keke gare shi, don haka na rasa abin da zan zata.

Don Allah ki leƙa mini shi, ki ga ko yana cin abinci. Sannan ki yi dabara ki tatso sunan jaririn daga bakinsa. Ranar da zai koma na sa shi ya yi alkawari zai zaɓi suna biyu, na mace da na namiji, ya ɓoye a ransa, kada ya faɗa wa kowa har ni, sai safiyar suna. A littafi na ga an yi haka ya burge ni. Yanzu ƙaguwa tana neman kashe ni. In mace ce ina fatan Fatima Zahra'u, mu riƙa kiranta Zahra. In kin ji ya nufi sunan wata kakarsa mai sayar da kuka, ki tare shi tun da wuri.

Uwar ɗakinki ko kin ƙi ko kin so,
Hinde

*

Kebbe

Hinde sarkin mafarki,

Wa alaikumus salam. Wa kike kira baiwa? Ubana yayan uwarki na, ki tambayi Inna ta gaya miki wadda ya kamata ta ɗaukar ma wata buta. Muna lafiya, yara suna gaida ki. Daddawa ga ta nan cikin ƙullin leda.

Ƙafafun nan ki riƙa ɗora su bisa matashi. Ki rage gishiri, ki rage littafi. In kanki ya yi ciwo ko idonki ya fara ganin taurari, ki tafi asibiti, kada ki zauna kina cewa soyayya ta.

Malaminki Saifullahi kuwa, ki daina jiran wasiƙa tai kwanakin ga. Wani al'amari ya riƙe shi. Bai yi haɗarin mota ba, kuma na tabbata bai manta sunansa ba. Batun sunan jariri ban samu tambayar shi ba. Ki sauka lafiya tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Uwargijiyarki ta gaskiya,
Batula

*

Tambuwal

Batula,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, ciki yana nan bai fito ba. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

"Wani al'amari ya riƙe shi." Na karanta layin nan har takardar ta yage a ninki. Na ce a raina wannan al'amarin dai da ɗankwali yake yawo, wataƙila ma sabuwar malama aka turo makarantarsu. Na shiga ɗaki na kifa kai a kan katifa na yi kuka irin na littafi, mai sheshsheƙa. Inna ta ɗauka naƙuda ce, ta aika a kira ungozoma, aka dafa ruwa a banza. Har wasiƙar bankwana na rubuta masa, ta yi kyau ƙwarai, ban taɓa rubutu mai kyanta ba.

Da na kai wa Ɗangiwa ita a zaure, sai ya ƙi kallona. Ya yi ta zancen lalacewar hanya. Can bakinsa ya suɓuce ya ce sojojin Kebbe sun ji daɗi, har keke suke hawa yanzu, mai koren zare a jikin ƙararrawa. Daga nan ya kama bakinsa.

Batula, ni na ɗaura zaren nan. Kuma Malam ko hedimasta ba ya ara wa kekensa.

Na yaga wasiƙar bankwanar. Ni ba yarinya ba ce, ciki kawai gare ni. Ki gaya mini gaskiya a motar gobe, in ba haka ba wallahi zan hau bayan buhunan albasa in zo in haihu a ƙofar gidanki.

Hinde

*

Kebbe

Hinde,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ɗangiwa kuwa sai na yi mashi allura da babbar sirinji. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma ki kira Inna ta zauna kusa da ke.

Kin tuna sojojin da anka kawo sunka sauka tsohon siton auduga na bakin gari, tun kina nan? Bayan tafiyarki anka yi shela cewa an hana taro, in ba na sallah ko aure ko suna ko jana'iza ba. Sunka kafa shinge a hanyar fadama. Wanda ya zo da akuya su sauke, wanda ya yi magana su sa shi tsallen kwaɗo, ko da tsoho na. Ranar kasuwa wasu manoma sunka tsaya gindin tsamiya suna ƙorafi. Anka ce taro na, anka kama biyu daga ciki, Na'iya da Gazali. Ba a kai su kotu ba, ba a gaya ma kowa laifinsu ba.

Kin san mijinki da ƙungiyar nan tasu ta kare haƙƙi, mai mutum uku da tafireta mai ciwon haƙori. Kullum in anka tashi makaranta sai ya hau keke ya tafi ƙofar siton, ya yi sallama da ladabi, ya yi tambaya guda: mi mutanen ga sunka yi, kuma yaushe za a kai su gaban alƙali? Su kore shi, gobe ya komo. Wata rana sunka ce bismillah, shigo ciki. Ya jingine keke ya shiga. Bai fito ba.

Babbansu wani hafsa na, siriri, mai baƙin tabarau. Duk wanda ya je tambaya amsa guda yake ba shi: "Babu shi a nan." Har gari ya raɗa mashi Oga Babu. Baffan mijinki, Baffa Attahiru, ya je da rawani nai da sanda, babu shi. Hedimasta ya je, babu shi. Alhali ga keken mutum wani kofur shina yawo da shi kasuwa shina kaɗa ƙararrawa.

Ni kullum nika kai abinci. Su ce babu shi, amma su karɓi kwanon, ya komo fes awa an lashe. Sai in tsaya bakin shinge in ɗaga murya in ce, "In babu shi, wane aljani ya cinye mini tuwo?" Har sun san ni, in sun hango ni sai su ce ga Madam Kwano.

Ga abin tsoron, tunda kin ce gaskiya kike so. Babbar mota takan zo lokaci lokaci ta kwashi mutane zuwa inda ba a sani ba. Wanda sunka yarda shina hannunsu, ana iya bin sawu nai. Wanda sunka ce babu shi, in mota ta ɗauke shi, shi ke nan, babu shi ɗin. Lauyan ƙungiyarsu na Sakkwato ya aiko cewa ba ya iya komi sai an samu mutanen da sunka gan shi da ido a wurin. Abin da muke nema ke nan, a gan shi.

Ki yi addu'a, ki ci abinci. Kada ki hau albasa.

Batula

*

Tambuwal

Batula,

Assalamu alaikum. Albishirinki! Jiya Laraba da hantsi na sauka, mace. Lafiyata lau, ita ma haka. Kanta cike da gashi, ta kwaso goshin Malam, kuma in ta tamke fuska sai ki ce za ta tambayi yaushe za a kai su kotu. Littattafai duk maƙaryata ne a kan haihuwa. Suna cewa "ba da jimawa ba ta sunkuto jaririyarta". Ina so in haɗu da wadda ta rubuta wannan.

Kafin in haihu na shirya dabaru na fitar da Malam. Akwai ta sa maganin barci a tuwo. Akwai ta in sa kayan soja in shiga da umarnin ƙarya, sai na tuna babu wandon sojan da zai shige ni. Na faɗa wa Inna, ta ce in na ƙara za ta haɗa littattafan ta hura wutar ruwan wanka da su.

Yanzu ga rigimar da ake yi da ni. Baba ya ce ranar bakwai za a raɗa suna a ƙofar gidansa, tunda uban ba ya nan shi zai zaɓa. Na aika Inna ta ce masa a yi haƙuri, yarinya tana da suna, yana wurin ubanta. Ya zo da kansa bakin ƙofar ɗaki, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ke Hinde, wanga shirme na littafi ya isa. Ɗiya ta zauna babu suna don kin yi wasan ɓoyo da mijinki?" Na rufe fuska na ce, "Baba, in aka raɗa mata wani suna, mun yarda da su ke nan cewa babu shi." Ban san daga ina maganar ta fito ba, ba a littafi na gani ba. Ya juya ya tafi. Inna ta ce bai ci tuwon rana ba.

Ina cikin ruwan zafi ana fyaɗa mini ganye sai wani tunani ya zo mini. Kin ce dokarsu ba ta hana taron suna ba. Kuma raɗin suna ba ya bukatar jaririya ko uwarta, maza ne da liman da rago da uba. To in uba ba zai iya zuwa wurin suna ba, me zai hana suna ya je wurin uba? Ragon Malam yana nan ɗaure a gidan Baffa Attahiru tun bayan sallah.

Na san za ki ce mafarki ne. Ki kai wa Baffa maganar dai, ki ce daga mai jego.

Hinde

*

Kebbe

Maman Baƙuwa,

Wa alaikumus salam. Barka, barka! Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na yi guɗa a ɗakin allura har wani tsoho ya fasa ya gudu. Ki sha kunun kanwa da kyau, kuma kada ki bari su ƙona ki da ruwa.

Na so in yi miki dariya, sai dariyar ta ƙi zuwa. Na kai ma Baffa Attahiru maganarki. Kin san kunne nai, sai da na maimaita da ƙarfi har maƙwabta sunka ji. Ya daɗe shina shafa gemu, sannan yac ce, "Yarinyar ga ta Tambuwal, ashe ba kwalliya kaɗai ta iya ba." Ya tafi wurin Liman. Liman yac ce shi ba ɗan siyasa ba na, amma duk inda anka kira shi suna zai je, ko bisa tsauni.

An fara rabon goron gayyata. Baffa bai tsallake gida ko guda ba, har rugagen bayan gari. Kuma ya kai ƙwarya guda ƙofar sito, yac ce maƙwabtan wurin suna su ma suna da haƙƙi. Masu gadi sunka karɓa sunka tauna, ba su tambayi inda za a yi sunan ba.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu sun ce ganganci na, mutanen ga da bindiga suke. Maigidana ma ya ce in zauna gida. Na ce mashi to, na ci gaba da jiƙa shinkafar waina. Ki gaya ma Baba ya dakata da nashi ragon. Da an gama zan aiko miki.

Batula

*

Tambuwal

Batula,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yarinya tana tsotso kamar ana binta. Ban san ko wannan za ta same ki ba. An ce ruwa ya cinye hanya bayan Dogon Daji, motar Ɗangiwa tana can ta nutse har ƙofa. Zan ba wani mai shanu da zai bi ta daji.

Ranar suna ta zo ta wuce. Na yi lalle, na yi kitso, na sa atamfar da Malam ya saya, na zauna. Mata suka cika gida, kowa ta shigo sai ta ce, "Yaya sunanta?" Inna ta ce ana tafe da shi daga Kebbe. Suka ci tuwo suka watse suna kallon juna. Baba bai yanka ragonsa ba. Kullum da safe yana fita bakin titi ya tsaya.

Wani mai sayar da gishiri ya ce ya ji an yi harbi a Kebbe. Wani ya ce ƙarya ne, tayar mota ce ta fashe. Na buɗe littafi don in huta, na kasa wuce shafi guda. In wani abu ya sami Baffa ko Liman ko ke, ni na jawo. Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne ina so.

Hinde

*

Kebbe

Hinde mai taurin kai,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ba a harbi kowa ba. Na fara da wannan don ki iya karanta saura. Na rubuta tun ranar sunan, hanya ta hana ta tafiya.

Da anka sallame asuba, maza sunka fito masallaci sunka nufi sito, Baffa a gaba, mahauci shina jan rago, ragon shina turjewa awa ya san dokar hana taro. Anka shimfiɗa tabarmi daidai bakin shinge. Mu mata munka tsaya tsallaken hanya da tukwanen kunu da waina. Hinde, ban taɓa ganin suna irin wanga ba. Malamai da 'yan kasuwa da Fulani da sandunansu, har mutanen da ba su gaisawa da Saifullahi.

Liman ya buɗe da salati, sannan ya ɗaga kai yac ce, "Ina uban ɗiya? Shi matso shi gaya mini suna." Shiru. Ya naɗe hannu ya zauna. Kin san ba a tashi daga wurin suna ba a shafa fatiha ba, don haka kowa ya gyara zama. Rana ta fito, mutane na ƙaruwa.

Can Oga Babu ya fito da tabarau nai. Yac ce wane ya ba da izinin taro. Baffa ya kama kunne yac ce, "Na'am? Goro? An ba yaranka, ranka ya daɗe." Yac ce su tafi gida su yi sunansu. Baffa, wanda yanzu kunnen ya buɗe, yac ce, "Mu ma gida muka so. Sunan na cikin sitonka. Ba mutum munka zo karɓa ba, suna munka zo karɓa. A ara muna shi ya faɗa, ku maida abinku."

Oga yac ce, "Babu shi a nan." Wani soja ya gyara bindiga, ta yi ƙara. Wallahi na ga wasu na neman takalmansu. Liman ko motsi bai yi ba, yac ce rago dai ba ya yankuwa babu suna, za su jira.

Sai Ɗan'iya maroƙi ya miƙe. Ba wanda ya sa shi, aikinsa kawai ya tuna. Kin san muryar da yake tashin kasuwa da ita. Ya juya wajen siton ya kwarara, "Malam Saifullahi, angon ƙarni! Allah ya ba ka ɗiya mace! Uwa lafiya, ɗiya lafiya!"

Ashe Saifullahi bai san kin haihu ba. Sai munka ji siton ya ɗauka daga ciki. Ana dukan ƙofar kwano, ana kabbara, wani na ihu, "Barka Malam! Barka Malam!" Muryar Gazali ta, uwarsa na kusa da ni, ta zube ƙasa tana kuka tana dariya. Duk garin ya ji. Baffa ya dubi Oga yac ce, "Ranka ya daɗe, ni kurma na, amma kamar na ji babu shi na amsa barka."

Wani saje mai furfura ya matsa ya yi ma Oga magana a kunne. Oga ya cire tabarau ya goge ya maida. Yac ce minti kaɗan, kuma ba jawabi.

Anka fito da Saifullahi. Ya rame, gemu ya cika mashi fuska, shina ɗingishi ya rataya a kafaɗar Gazali, wai ba ya iya tafiya sai an riƙe shi. Na tsorata, sai na lura ƙafar da yake ɗingisawa tana canzawa. So yake a ga Gazali shi ma. Ya gaida jama'a, ya durƙusa ya raɗa ma Liman a kunne. Anka yanka rago, anka yi addu'a, Ɗan'iya ya cika ƙirji ya yi shela.

Hinde, ludayi ya faɗi daga hannuna cikin kunu. "Sunan yarinya Batula!" Mata sunka rufe ni da guɗa. Ki yi haƙuri da Zahra. Ni ban roƙa ba, Allah na gani.

Sunka maida su ciki, amma daga ranar tuwona na isa inda anka aike shi. Har cinyar rago Baffa ya aika ma Oga, wai rabon maƙwabci.

Ƙari, yau da hanya ta buɗe: lauya ya zo daga Sakkwato, ya tarar da masu shaida sun fi ƙarfin tafireta. Jiya sunka saki Saifullahi da Gazali, wai dama tambayoyi kawai ake masu. Na'iya ba ya ciki. Mota ta tafi da shi tun kafin sunan, matarsa na nan tana jira.

Ban ba Ɗangiwa wagga wasiƙa ba. Ki leƙa ki ga wanda ya kawo ta.

Uwargijiyarki, yanzu da hujja,
Batula

*

Tambuwal

Zuwa ga Madam Kwano,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mai sunanki ta fara murmushi, ko da yake Inna ta ce iska ce a cikinta. A gaida Baffa da Liman da Ɗan'iya. Baba ya ce a gaya wa Baffa yana nan zuwa da kansa.

Na sha tsara ranar dawowar Malam. Zan fito da gudu mayafi yana tashi, shi kuma ya buɗe hannu. Abin da ya faru shi ne ya zauna a zaure da Baba, kansa a ƙasa, suna zancen gero, ni kuma ina leƙensa ta hudar zana da zanen wanka a jikina. Sai da la'asar Inna ta tausaya ta ce ya shigo ya ga 'yarsa. Ya ɗauke ta ya yi ta kallo. Ya buɗe baki, na ce yau dai zan ji magana irin ta littafi. Ya ce, "Kin san ba su ba ni kekena ba?" Sai kuma hawaye suka zubo masa, ni ma haka, Inna ta fita ta ba mu wuri.

Na tambaye shi ina Zahra. Ya ce ita ya zaɓa tun farko, don kullum sai na ajiye masa littafi a buɗe daidai inda sunan yake. Amma a cikin siton ba sa ganin rana, ba su san ko gari ya manta da su ba. Abu ɗaya suke jira kullum, muryar wata mata a bakin shinge tana neman aljanin da ya cinye mata tuwo. Ya ce in suka ji ta, har Na'iya sai ya yi dariya. A nan ya canza sunan.

Jibi zai wuce Sakkwato shi da lauya da matar Na'iya, su fara tambayar inda aka kai shi. Ya dube ni yana jiran in hana. Na so in hana, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce ya je, amma ya faɗa wa mutum goma inda za shi, kuma ya rubuto, da "ina kewarki" a tsakiyar takarda.

Yanzu ga zaluncin da ba kotun da zan kai. Jiya na ɗauke ta na kira sunanta a hankali don in ji yadda yake a bakina. Inna ta jefo mini muciya daga tsakar gida ta ce, "Marar kunya! A gidan wa kika ga uwa na kiran sunan 'yar fari?" Na yi rigima da Baba, na tayar da gari guda, an ja rago har bakin bindiga, duk don sunan nan, ashe ni kaɗai ce a duniya ba ni da izinin faɗarsa. Kuma tunda naki ne, ke ma kin tsira daga bakina har abada. Dubi saman takardar nan, na fara rubuta shi hannuna ya ƙi.

Ki zo ranar arba'in ki ga takwararki. Ki taho da kwanon, ina so in gan shi. Buta kuwa na yarda zan ɗaukar miki, sau ɗaya, in ba kowa a wurin.

Hinde